'Yan Tsakin Dudu

Asabar, 14 ga Satumba 1991, da sassafe

Buɗe akurki, sauya ruwa, barza dawa.

Asabar ɗin dai, da hantsi

'Yan tsakin tara ne, duk suna nan. Tun da matata Dudu ta tafi Wara wurin iyayenta ni nake kula da su, kuma ban zaci aikin yana da daɗi haka ba. Shekaranjiya na kifa tukunya da busasshen kashin shanu a bayan katanga kamar yadda na ga tana yi. Yau na ɗaga na tarar gara ta cika ta. Da na zazzage musu sai ka ce an buɗe kasuwa.

Dogo mai jirgin ruwa ya biyo da saƙon Dudu jiya. Ya ce ta samu sauƙi, tana cin abinci, har tana fitowa tsakar gida. Sannan ya ce ta ce in aika mata da matan cikin 'yan tsakin, zakarun in riƙe. A gidansu haka ake yi. Macen kaza ta matar gida ce, zakara na maigida ne da baƙinsa. Na ce to. Bayan ya tafi na tsuguna gaban akurki na daɗe ina dubawa. Ni dai duk ɗaya na gan su.

Lahadi, 15 ga wata, bayan la'asar

Na kira Ɗangana maƙwabcina ya taya ni. Ya girme ni sosai, kuma ba ya ɓoye abin da ke bakinsa. Da na faɗa masa saƙon sai ya cire hula ya sosa kai.

"Malam Sahabi, macen da ta tahi hutawa ba ta aikowa a kwaso mata kaji."

Na ce ai 'yan tsaki ne, ba su kai kaji ba. Ya dube ni kawai.

Ya ce a riƙe ɗan tsako ta ƙafa a juya kansa ƙasa. In ya ɗago kai yana neman tsattsagar hannunka namiji ne, in ya saki jiki mace ce. Muka gwada. Shida suka ɗago, uku suka saki jiki. Na ce mu sake don a tabbatar. A karo na biyu biyu daga masu ɗagowar suka saki jiki, ɗaya daga ukun kuma ta cije shi a yatsa. Ɗangana ya ce laifina ne, ba a maimaitawa, sun riga sun gane dabarar.

Matarsa Tamada ta leƙo ta katanga ta ce in an samu mai zuwa Wara a gaida Dudu, Allah ya ba da mai zama. Na ce amin.

Talata, 17 ga wata, da safe

Suna bin ƙafata yanzu in na fito da ƙwarya.

Alhamis, 19 ga wata, bayan azahar

A ofis ba aiki. Tun da aka yanke mana jiha takardunmu suna Sakkwato, an ce ana rarraba su, mu kuwa muna zaune muna jira. Na kawo zancen 'yan tsaki, sai kowa ya zama gwani. Maikuɗi akawu ya ce a ɗaura allura a zare a rataya bisa kan ɗan tsako. In ta yi da'ira mace, in ta yi gaba da baya namiji. Wani ya ce da na tambaya tun suna ƙwai, dogon ƙwai zakara ne, mai zagaye kaza. Na ce sun ƙyanƙyashe tun makonni. Ya ce to ai na makara.

Na gwada allurar da na dawo. Ta yi da'ira a kan duka tara. Na rataya ta a kan buta, ta yi da'ira. Ina jin hannuna ne yake rawa.

Abin da na tuna daga darasin noma a sakandare shi ne a jira. Zanko yana fara girma da ja a kan namiji, ƙafarsa ta yi kauri, mace kuma gashin jelarta kan riga fitowa. Amma malamin a kan kajin turawa yake magana, kuma na daɗe da barin makaranta. Mai yiwuwa ma na juya maganar.

Asabar, 21 ga wata, da yamma

Mauludi. Tamada ta aiko mini da tuwon shinkafa da kifi, na ci na ƙoshi.

Na buɗe gwangwanin ɗinkin Dudu na ɗebi zare. Wanda nake zaton namiji na ɗaura masa ja a ƙafa, wadda nake zaton mace na ɗaura mata shuɗi. Huɗu ja, huɗu shuɗi. Ɗaya mai launin wake-wake na rasa inda zan sa, na bar ƙafar haka.

Da uwarsu tana nan da ban sha wannan wahala ba, ita za ta yi renonsu har su bayyana kansu. Ita aka yanka ranar da muka dawo daga asibiti. Yayata Hajara ce ta nuna ta, ta ce ita ce mai ƙiba, mai jinya kuma tana bukatar romo. Kazar Inna ce, mahaifiyar Dudu, ita ta ba ta. Ni na riƙe wuƙar. Dudu tana kwance a ɗaki tana jin 'yan tsakin suna neman uwarsu har magariba, kuma ba ta sha romon ba. Abin da Yaya ta faɗa a bakin ƙofa game da ɓarin ciki karo na uku ba zan rubuta shi a nan ba. Ina tsaye a wurin. Ban tare wa Dudu ba.

Gwangwanin yana ƙamshin turarenta. Na rufe shi da kyau na mayar inda yake.

Laraba, 25 ga wata, da hantsi

Na haɗu da Dogo a bakin ruwa yana loda buhunan albasa. Tafki ya cika sosai bana, ruwa ya kai gindin bishiyar da masu gyaran koma suke zama. Tun daga nesa ya ɗaga murya yana tambaya ko alƙalin kaji ya yanke hukunci. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce ya gaya mata har yanzu ba su bayyana ba, ina tsoron in aika mata da zakara cikin kuskure. Ya ce zai faɗa, amma in sani Dudu ta san kaji tun tana goye.

Ba ƙarya na yi ba. Da gaske ban gane su ba.

Juma'a, 27 ga wata, bayan masallaci

Na sauya wa biyu zare. Da yamma na mayar wa ɗaya nata.

Talata, 1 ga Oktoba, da yamma

Hutu. Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya na wuni ina kallonsu, kuma na daɗe ban ji daɗin rana kamar yau ba. An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi, suna ta tono. Jan nan mai dogon wuya ba shakka a kansa. Zankonsa ya yi ja, yana tafiya yana ɗaga ƙafa kamar sabon ɗan sanda. In ya samu tsutsa sai ya zagaye gidan da ita a baki kowa ya gani kafin ya haɗiye. Baƙin ma haka, su biyun sukan tsaya ƙirji da ƙirji su buɗe gashin wuya, sai kuma su manta abin da ya haɗa su. Farar ƙaramar ba ruwanta da kowa. Takan hau ƙafata ta kwanta.

Ɗangana ya zo da wata dabarar. Ya ce a wurga hula bisa kansu kamar inuwar shirwa, maza za su miƙe wuya su duba, mata za su lafe. Na wurga tawa. Duk suka watse ƙarƙashin turmi, hular ta faɗa cikin ruwansu. Ya ce na wurga da ƙarfi. Muka zauna muka ci gyaɗa dafaffa, ya ba ni labarin tsohon ƙauyensu da ruwa ya cinye lokacin da aka yi dam, har da kajin da suka kwaso a kwalekwale suna kuka. Ya ce kakarsa ta ƙi shiga jirgi sai da aka fara sa kajinta.

Mai wake-wake har yau babu zare. Ƙafar tana da kauri kamar ta namiji, zanko kuwa ƙarami ne fari-fari. In maza suna faɗa takan shiga, in an zuba dawa takan ci tare da mata. Na lura ina ce mata ita, ban san dalili ba.

Lahadi, 6 ga wata, da safe

Farar ta kwana da mura. Na jiƙa ɓawon maɗaci a ruwansu, na ware ta cikin kwando a rana.

Litinin, 7 ga wata, da magariba

Ta warware. Ta ci gara fiye da kowa.

Alhamis, 10 ga wata, bayan la'asar

Yaya Hajara ta zo daga Birnin Yauri. Ta kawo mini daddawa da kuka, ta share mini ɗaki ba tare da na roƙa ba, ta ce na rame. Ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ban taɓa mayar mata da magana ba. Da ta ga 'yan tsakin da zare a ƙafa ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce namiji mai shekara arba'in, mai aikin gwamnati, yana ɗaura wa kaji ado.

Sai ta tashi ta kama farar da wata mai ruwan ƙasa, ta ce za ta tafi da su ta yi kiwo, tunda mai su ba alamar dawowarta, kafin shirwa ta kwashe su a banza. Ta ce in miƙo mata kwando.

Na ce, "Yaya, na Dudu ne."

Ta ce ta sani, ai ba sata za ta yi ba, gidan ƙaninta ne.

Na ce, "Uwar ma tata ce. Ki aje su, Yaya."

Ta dube ni ta daɗe. Ta sake su, ta kakkaɓe zanenta, ta ce Allah ya kyauta. Ba ta tsaya cin abinci ba. Na raka ta tasha tana gaba ina baya, na biya mata mota, ta amsa sallamata da ƙyar. Na dawo gida. Tamada tana shanya a bakin katanga, ta gaishe ni da wata irin murya, na gane ta ji komai.

Juma'a, 11 ga wata, da asuba

Ban sani ba ko na yi daidai. Ita ce babba.

Talata, 15 ga wata, bayan azahar

Takardunmu sun iso daga Sakkwato a bayan motar ɗaukar kaya, rabinsu na wata ƙaramar hukuma ne. Mun wuni muna warewa.

Dole in rubuta wannan. Na fara gane su, kuma ba yau na fara ba. Uku zakaru ne ƙarara, ko makaho ya shafa kansu zai faɗa. Biyar ina da ƙarfin zato mata ne, har da guda da na cire wa jan zare kwanakin baya. Saura mai wake-wake. Na yi ta ce wa kaina sai na tabbatar da ita sannan in aika gaba ɗaya, amma Dogo ya zo sau biyu ina ba shi amsa iri ɗaya, na biyun ma bai yi mini ba'a ba. Abinta ne ta nema. In na ci gaba da riƙewa na zama mai riƙe mata kaya don ta zo ta karɓa, kuma ba haka nake so ta zo ba.

Asabar zan aika.

Asabar, 19 ga wata, da hantsi

Na shimfiɗa ciyawa a kwando, na sa biyar ɗin, na rufe da tsohuwar koma. Na ƙulla barzajjiyar dawa a leda, na haɗa da ɓawon maɗaci saboda farar. Na sa babbar riga da niyyar in bi jirgin in kai su da kaina, in gaida Baba da Inna. Har na sa ƙafa ɗaya a jirgi. Sai na tuna ban shirya abin da zan faɗa ba, kuma in aka tambaye ni me ya hana ni zuwa tun farko ban da amsa. Na miƙa wa Dogo kwandon na ce ya ajiye su nesa da inji saboda hayaƙi.

Ya ce, "Wagga babbar riga duk don rakiyar kaji ta?"

Na ce akwai ɗaurin aure. Ya tambaya ko akwai saƙo. Na ce ya ce mata farar ba ta son ruwan sanyi da safe. Ya jira ko akwai ƙari, sannan ya ja igiyar injinsa.

Litinin, 21 ga wata, da safe

Na barza dawa ta tara kamar kullum. Ta yi yawa.

Alhamis, 24 ga wata, da yamma

Gero ya shigo kasuwa, sabo, mai kyau. Na sayi kaɗan. Huɗun suna lafiya, suna kwana a bisa itacen da na gitta musu. Gidan dai ya yi faɗi. Na gyara ƙafar kujera, na wanke randa, na cire yanar gizo a ɗakin girki. Ɗangana ya ce ko baƙi nake jira. Na ce a'a.

Lahadi, 27 ga wata, bayan sallar asuba

Jan ya yi cara ta farko. Ba cara ba ce sosai, kamar an taka ƙofar kwano mai tsatsa. Shi kansa ya tsorata, ya diro ya ɓuya bayan randa. Na yi dariya ni kaɗai a kan buzu, har na juya zan kira ta ta ji.

Laraba, 30 ga wata, da la'asar

Dogo ya zo har gida, tun daga zaure yake dariya. Ya ce ɗaya daga matan da na aika ta hau kan rumbun Baba shekaranjiya ta yi cara. Ya ce Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce a gaida surukinta mai ilimin boko. Wanda na cire wa jan zare ne. Tun farko na gane shi, na zo na gyara daidai ya koma kuskure.

Na tambaya me Dudu ta ce. Ya ce ita ma ta yi dariya, kuma tun da ta je bai ga haƙoranta ba sai ranar. Ya ce ta tambaye shi ko gaskiya ne Yaya Hajara ta zo ta koma hannu wofi. Na ce shi wa ya gaya masa. Ya ce a bakin ruwa ba a rasa labari, kuma Tamada kullum tana sayen kifi.

Na ce ya dawo mini da zakaran ranar Asabar, tunda nawa ne. Ya ce zai faɗa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da magariba

Ina zuba ruwa a akurki da hantsi na ji sallama. Na amsa ban juya ba, na zaci Tamada ce. Dudu ce, da mayafinta ruwan toka, da ɗan zakaran a hammata an ɗaure masa ƙafa da tsumma. Ba ta zo da akwati ba, sai ƙaramin ƙunshi. Ta rame, amma idonta ya dawo.

Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa, na tambayi Baba da Inna da gajiyar ruwa. Ta ce duk lafiya. Ta kwance zakaran ta sake shi, nan take jan ya tare shi suka buɗe wuya.

"Malam, ga macen da ka aiko min."

Na ce na yi kuskure. Ta ce ta gani, duk Wara ma sun ji. Ta duba akurki, ta duba tukunyar gara, ta ɗaga murfin randa. Na kawo mata ruwa da kaina, ta karɓa ta sha. Ta ce da jirgin la'asar za ta koma, ta gaya wa Dogo ya jira ta.

Na ce kafin ta tafi ta duba mini mai wake-wake, in mace ce ta tafi da abinta. Ta watsa gero, ta kama ta cikin sauƙi kamar ta ɗauki ludayi. Ta shafa zankon da yatsa, ta buɗe fiffike, ta duba gashin wuya da na gindin jela a rana, ta auna ƙafar da tata yatsar. Ta daɗe. Na tsaya ina jira kamar ranar fitowar sakamakon jarrabawa.

"Wanga ni ma ban sani ba," in ji ta. "Akwai irinsu. Sai an zuba ido."

Na tambaya kamar zuwa yaushe. Ta ce mako biyu, ko uku, wani ma sai ya yi cara ko ta yi ƙwai. Na ce to in Dogo ya zo sai in riƙa aika mata da bayanin yadda zankon yake. Ta dube ni, har yanzu tana riƙe da ɗan tsakon a ƙirjinta.

"Kai za ka duba?"

Ina jin nufinta ita za ta zauna ta duba da kanta. Ko da yake ban tabbata ba.

Da aka kira la'asar tana ɗakin girki tana faɗan wanda ya sa daddawa kusa da gishiri. Na tafi masallaci, na biya bakin ruwa na gaya wa Dogo kada ya jira. Ya ce shi da ma bai jira ba, ita ta ce masa ya tafi tun da ta sauka. Ban gaya mata na ji wannan ba.

Mun ci tuwo da miyar kuka. Ba mu yi maganar asibiti ba, ba mu yi maganar Yaya ba. Za a yi, na sani, ba yau ba.

Na gobe, in Allah ya kai mu:

Faɗaɗa ƙofar akurki, ta ce ta yi musu kaɗan.
Cire zaren ƙafarsu duka, ya fara matse su.
Sayo itace da manja da barkono.
Raba jan da wanda ya dawo kafin su fasa wa juna ido.
Zuwa Wara gaida Baba da Inna, a sa rana.
Mata huɗun da ke can, a tambaye ta ko Dogo ya kawo su. Ko kuma a bari ta faɗa da kanta.